Ina takardarka? Makaɗan kasuwa da ƙofar magajin gari a Damargu

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Bakin Birji, ko ta Tanut, ko ta Balbeji bayan an yi kaka, ya san kunne ke riga ido isa kasuwa. Tun daga nesa ake jin kalangu a rumfar mahauta yana kiran sunayen masu tsire da masu balangu. A bakin tasha mai gurmi na zagaya motocin Agadas, yana yi wa direba da yaran mota kirari. Can wajen kara, inda dillalai ke ciniki a kan raƙuma da shanu, mai goge ya sami inuwa ya zauna, Buzaye da Fulani sun kewaye shi. Mai hali ya miƙa jika, talaka ya jefa dala biyar ko goma, wanda ba shi da ko sisi ya saurara kyauta ya yi gaba. Haka kasuwannin Damargu suke tun kaka da kakanni.

To amma akwai wata tambaya da kan taso a bakin ma'aikata da wasu masu faɗa a ji, musamman in an kwana ba a runtsa ba saboda ƙarar wani biki: shin bai kamata a tilasta wa waɗannan mutane neman takardar izini daga ma'aikatar magajin gari ba kafin su taɓa ganga a bainar jama'a? Masu wannan ra'ayi na cewa ai ɗan kabu-kabu na da takarda, mai tebur na yankar tikiti, mahauci na biyan kuɗin yanka, don me makaɗi zai zama shafaffe da mai? Magana ce mai kama da gaskiya, shi ya sa ta cancanci amsa. Amsar kuwa ita ce a'a. Hukuma na da ikon tsara lokacin kiɗa da wurinsa da ƙarfin ƙararsa, kuma wajibinta ne ta yi. Amma ranar da aka ce sai da sa hannun wani jami'i mutum zai buɗe baki ya yi waƙa a kasuwa, an danƙa wa jami'in nan ikon zaɓen waƙar da jama'a za su ji. Tarihi kuwa ya nuna abin da masu iko kan yi da irin wannan dama.

Abin da doka ta tanada

Kafin a yi gardama a kan abin da ya kamata, yana da kyau a duba abin da ke rubuce. Kundin dokokin ƙananan hukumomi, wato doka mai lamba 2010-54 ta ranar 17 ga watan Satumba 2010, ya ɗora wa magajin gari nauyin kula da oda da natsuwa da tsabta a cikin ƙasarsa. Da wannan iko yana iya cewa kada a kunna lasifika bayan ƙarfe kaza, kada a tare hanyar mota, kada a yi kiɗa a ƙofar asibiti. Babu mai hankalin da zai ja da wannan.

Sai kuma doka mai lamba 2004-45 ta ranar 8 ga watan Yuni 2004, wadda ta shafi jerin gwano da gangami da taron jama'a a kan titi. Wannan doka ta nemi masu shirya taro su sanar da hukuma tsakanin kwana 5 zuwa 15 kafin ranar. Kalmar da ta yi amfani da ita a Faransanci ita ce *déclaration*, wato sanarwa. Ba ta ce *autorisation* ba, wato izini. Tsakanin kalmomin nan biyu akwai tafiya mai nisa. Mai sanarwa yana da haƙƙinsa a hannu, yana dai gaya wa hukuma ne don ta shirya, kuma in hukuma na son hana shi, ita ce za ta kawo dalili. Mai neman izini kuwa ba shi da komi sai abin da aka ga dama aka ba shi, shi ne zai yi ta zirga-zirga yana roƙo. Abin da ya fi wannan muhimmanci, dokar ta keɓe fitar da jama'a kan yi bisa al'adar wuri, ta ce ba ta buƙatar ko sanarwar. In kalangun mahauta a ranar kasuwa bai shiga cikin al'adar wuri ba, to me zai shiga?

Saboda haka wanda ke son a ƙirƙiro takardar izinin kiɗa yana neman a ɗora wa mai gurmi abin da doka ba ta ɗora wa masu zanga-zanga ba. Ya kamata kuma a tuna da halin da ake ciki. A watan Afrilu 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi a duk faɗin Nijar, aka naɗa kantomomi a madadin magadan gari. Ko ana yabon wannan tsari ko ana kushe shi, abu guda a fili yake: inda babu majalisar da wakilan ƙauyuka za su zauna su yi muhawara, ƙa'idar da ta taɓa abincin talaka da bakinsa ta fi buƙatar a yi mata taka-tsantsan, domin babu kansilan da makaɗi zai kai wa kuka.

Wane ne wannan makaɗi?

Mafi yawan masu maganar izini suna da hoton mawaƙin birni a kansu, mai mota da manaja da faifan bidiyo. Makaɗin Damargu ba shi ke nan ba. Manomi ne da damina, yana noman gero kamar kowa, in an yi gayya shi ke riƙe gangar noma a bayan masu hauya. In aka gama girbi sai ya rataya abin kiɗansa ya bi kasuwanni da filayen kokawa da gidajen suna da na aure. Abin da ya samu da rani shi ke cike gurbin rumbu in damina ta yi gardama, ga shi kuwa ƙasar da ta sha fari a 1973 da 1984 da 2005 ta san damina kan yi gardama.

Yawo shi ne asalin sana'arsa, kamar yadda yake asalin ƙasar kanta. Damargu mashiga ce. Ta nan ayarin Abzinawa ke gangarowa daga Agadas zuwa Damagaram da Kano, nan ne rumbun hatsin da mutanen Abzin ke dogara da shi, kuma Jajiduna ta yi zamaninta a matsayin zangon fatake kafin Tanut ta karɓe ta. A Tagelel ne matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa a watan Janairu 1851. Ƙasar da Dagirawa da Hausawa da Buzaye da Fulani suka cakuɗa, kiɗanta ma cakuɗe yake: kalangu da goge da algaita a nan, tinde da anzad a can, kowa na jin na kowa.

Yanzu a auna abin da takardar izini za ta zame wa wannan mutum. Gundumar Tanut na da ƙananan hukumomi biyar: Tanut, Gangara, Falanko, Olelewa da Tanhiya. Gundumar Balbeji, wadda aka yanke daga Tanut a 2011, tana da Tarka. Shida ke nan. Ikon kowane magajin gari ko kantoma a iyakar ƙasarsa ya tsaya. Makaɗin da ke bin kasuwannin mako daga Bakin Birji zuwa Gangara zuwa Balbeji sai ya riƙe takardu uku ko huɗu, kowace da kuɗinta, da kan sarkinta, da hotonta, da ranar da za ta mutu. Wanda ke zaune a wani ƙauye na Tarka ko rugar Tanhiya zai kashe kuɗin mota da wuni guda ko biyu kafin ya isa ofis, ya tarar mai sa hannu ya tafi taro Damagaram, a ce masa ya dawo jibi. Takardar kuma da wane harshe za a rubuta ta? Tun watan Maris 2025 kundin da ke tafiyar da mulkin ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, amma har yanzu aikin ofis da Faransanci ake yin mafi yawansa. Mutumin da ya haddace asalin gidaje ɗari da kirarinsu zai tsaya gaban tebur kamar bebe, yana neman ɗan lakol ya cika masa fom.

Ƙarshen abin sananne ne. Kaɗan za su yanki takardar, mafi yawa ba za su yanka ba, kuma ba za su daina kiɗa ba tunda shi ne abincinsu. Sai a wayi gari an mai da ɗaruruwan mutanen kirki masu laifi, kowane mai kaki ko mai karɓar haraji na iya tsai da su ya ce "ina takardarka?", a sasanta a gefen rumfa ba tare da rasit ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Asusun hukuma ba zai ga komi ba, makaɗi kuwa ya ƙaru da sabon ubangidan da bai taɓa yi masa kyauta ba.

Akwai kuma asarar da ba a gani nan take. Babu makarantar koyon gurmi a Tanut. Cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya, wadda aka buɗe a 1989, tana Yamai. Makarantar makaɗin karkara ita ce kasuwa da dandali: yaro ya bi ubansa ko maigidansa yana amshi, wata rana a miƙa masa ganga, jama'a su yi masa hukunci nan take, in ya iya a tsaya, in bai iya ba a watse. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa a cikin talakawan gari da ƴan tasha ya yi suna kafin manya su san shi. Mamman Shata a dandali da kasuwanni ya fara tun yana saurayi, ba da son mahaifinsa ba. Da a ce akwai akawun da zai tambaye su shaidar ƙwarewa a ranar farko, da me za su nuna masa? Ƙasar da ta sa wa babbar gasar waƙarta sunan Ɗan Gurmu tun 1987, wadda kuma ba ta yin kokawar takobi sai da makaɗa tun da aka fara ta a Tawa a 1975, bai dace ta toshe rijiyar da irin waɗannan mutane ke fitowa daga cikinta ba.

Takardar izini tana da tarihi

Wannan dabara ba sabuwa ba ce, kuma asalinta ba abin alfahari ba ne. A zamanin mulkin mallakar Faransa, kiɗan dare a garuruwan da Bature ke zaune sai da yardar kwamanda, kuma dokar da ake kira *indigénat* ta ba shi ikon ɗaure baƙar fata kwanaki ba tare da shari'a ba, har zuwa 1946 da aka soke ta. Barcin Bature ake karewa, amma ba shi kaɗai ba: mai mulkin da bai jin harshen mutane yana tsoron duk abin da ke tara su.

A Arewacin Nijeriya, hukumomin En'e sun kafa ƙa'idojin taƙaita maroƙa a shekarun 1950, a ƙarƙashin wani suna na Ingilishi da ke nufin mabarata masu waƙa. Wannan suna kansa kuskure ne da har yau bai mutu ba. Bahaushe ya raba bara da roƙo. Mai bara na neman sadaka don Allah, ba ya ba da komi sai addu'a. Maroƙi kuwa sana'a yake yi, yana da kayan aiki, da iyayen gida, da gado, da sarkinsa. Wanda ya haɗa su a buhu ɗaya, ko da Faransanci ko da Ingilishi, ya nuna bai san mutanen da yake mulka ba. Kuma a daidai shekarun da jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ke ja da sarakuna, ikon ba da izinin taro da na kiɗa yana hannun En'e, wato hannun waɗanda ake ja da su. Ba sai an gaya wa mai karatu wanda ke samun izini da wanda ake hanawa ba.

Misali mafi kusa shi ne na Kano. A 2001 jihar ta kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i, da hujjar kare tarbiyya. A 2007 aka yanke wa Adam A. Zango ɗaurin wata uku saboda fitar da faifan waƙoƙinsa na *Bahaushiya* ba tare da an tace ba. A 2009 aka kama Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, kan zargin sakin waƙar *Hasbunallahu* ba da izinin hukumar ba, waƙar da addu'a ce a kan azzalumai. A 2019, ana tsakiyar rikici tsakanin gwamna Ganduje da Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu, aka kama Naziru Ahmad, wanda ke riƙe da sarautar Sarkin Waƙar Sarkin Kano, shi ma kan waƙoƙin da aka ce ba a tace ba. A duba da kyau: a takarda laifin kowannensu shi ne rashin izini. Wannan shi ne amfanin takardar ga mai mulki. Ba ya buƙatar ya tsaya gaban alƙali ya nuna ƙarya ko ɓatanci a cikin waƙa, ya ishe shi ya ce ba a bi ƙa'ida ba.

A Nijar ma an ɗanɗana. Lokacin tawayen shekarun 1990 an haramta kaset-kaset na Abdallah Oumbadougou, amma suka ci gaba da yawo hannu da hannu daga Agadas har ƙasashen maƙwabta. Hanin bai kashe waƙar ba, daraja ya ƙara mata. Wanda takardar izini ke iya kashewa shi ne ƙaramin makaɗi marar suna, wanda ba shi da mai tsaya masa.

Hujjojin masu son izini

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin kukansu ba na banza ba ne.

Hujja ta farko ita ce ƙara. Gaskiya ne akwai dare da yawa da majinyaci da mai jego da ɗalibi mai jiran jarrabawa ba su barci a Tanut. Amma wa ke hana su? Gurmi ba ya wuce taku arba'in. Abin da ke girgiza unguwa har asuba shi ne manyan lasifikoki da janareto da ake hayowa don biki, galibi ma babu makaɗi ko ɗaya a wurin, waƙar cikin waya ce ake sakawa. Maganin ƙara shi ne ƙa'idar ƙara: a sa lokaci, a sa iyaka, ta hau kan kowa, mai biki da mai tallan magani da mai shagon caji da ɗan siyasa. Takardar izini ba ta rage ƙara. Sau da yawa ma lasisin damun mutane take zama, domin wanda ya biya yakan ce wa maƙwabci ai da takardata.

Hujja ta biyu ita ce zambo. Nan ma akwai gaskiya, kuma bai kamata masu son makaɗa su ɓoye ta ba. Akwai maroƙin da ke tare mutum a cikin kasuwa, in bai ba shi ba ya bi shi da habaici har ya tono asirin gidansu. Ƴan gambara sun yi suna wajen baƙar magana da batsa a gaban yara da surukai. Wannan ƙwace ne da aka yi wa ado da kiɗa. Sai dai dokar hukunta laifuka ta riga ta san zagi da ɓata suna da karɓar kuɗi ta hanyar barazana, kuma ba ta ce an yafe wa mai ganga ba. Wanda ya yi, a kai shi gaban mai unguwa ko sarki ko alƙali, a hukunta shi a kan abin da ya faɗa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ba a ɗaure wa duk gari baki don mutum ɗaya ya yi ashar. Kuma a tuna zambo na da wata fuska: shi ne bulalar da talaka ke da ita a kan marowaci da azzalumi da mai cin amana. Da yawa daga masu son a yi wa maroƙa linzami, wannan fuskar ce ke damunsu.

Hujja ta uku ta addini ce. Akwai malaman da ke ganin kiɗa haramun ne, akwai masu sassautawa, kuma saɓanin ya girmi kowa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin *Kitab al-Farq*, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe ba da wata manufa ta shari'a ba cikin aibobin sarakunan Haɓe. Mai wannan fahimta yana da haƙƙin ya yi wa'azi, ya hana iyalinsa, ya ƙi bayar da ko dala. Amma me ya haɗa wannan da takardar magajin gari? In kiɗa haramun ne, hatimin ofis ba ya halatta shi, kuma hukumar da ta sayar da izininsa ta ci kuɗin haramun. In halal ne, da wane dalili za a sayar wa mutum abin da yake nasa? Wanda ya kafa hujja da littafin Shehu kuma ya karanta shi duka, domin a cikinsa ne aka yi tir da kuɗaɗen da masu mulki ke ƙaƙaba wa talakawa da ƴan kasuwa ba bisa haƙƙi ba.

Hujja ta huɗu ita ce tsaro. Ana cewa zamani ya lalace, dole a san mai shiga da mai fita. To ai babu wanda aka fi sani a kasuwa kamar makaɗi. Sana'arsa ita ce ya tsaya a tsakiyar mutane ya ɗaga murya, ya faɗi sunansa da na ubansa da na garinsu. Mai mugun nufi ba ya zuwa da kalangu. Katin shaidar ɗan ƙasa da ake tambayar kowane matafiyi a shingen jandarmomi ya isa.

Hujja ta biyar ita ce kuɗin shiga, kuma watakila ita ce ta gaskiyar a zuciyar wasu. Ƙananan hukumomin Damargu matalauta ne, kowa ya sani. Doka ta ba su harajin wasanni da nishaɗi, kuma daidai ne wanda ya kewaye fili ya sa ƙofa ya sayar da tikiti ya biya, domin kasuwanci yake yi da taron jama'a. Amma mai goge da ke ƙarƙashin bishiya bai sayar wa kowa tikiti ba, bai kama rumfa ba, kyauta ake yi masa in an ga dama. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wace hidima hukuma za ta yi wa makaɗi a madadin kuɗinsa? Mahauci na da mayanka, ɗan tebur na da wurin zama, direba na da tasha. Makaɗi fa?

Yadda wasu suka yi

Masu son izini kan ce ai ko a Turai haka ake yi. A wasu wurare haka ne, amma a ji labarin duka. A Landan, masanin lissafi Charles Babbage ya yi shekaru yana yaƙi da makaɗan titi, har majalisa ta yi doka a 1864. Ko ita wannan doka abin da ta yi shi ne ba maigida ikon ya ce wa makaɗi ya matsa daga ƙofarsa. A New York, magajin gari Fiorello La Guardia ya hana kiɗan titi a tsakiyar shekarun 1930, hanin ya zauna har 1970 kafin birnin ya janye shi. A 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayyar Amurka ta soke ƙa'idar neman izini da aka ɗora wa masu wasa a wani babban dandalin birnin Seattle, bisa dalilin cewa ta tauye ƴancin faɗin albarkacin baki. A Faris, kamfanin jirgin ƙarƙashin ƙasa na tantance makaɗa tun 1997, amma cikin ramukansa ne, inda wuri ke da ƙunci kuma dubban mutane ke gudun kama jirgi. Kasuwar Balbeji ba rami ba ce, fili ne da ya ishi raƙumi juyawa. Faransar da ake kafa hujja da ita kuma, a kan titi Louis Leplée ya tsinci Édith Piaf tana waƙa a 1935, yarinya matalauciya wadda daga baya ta zama muryar ƙasar baki ɗaya.

Abin takaici ne a ce Nijar ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta kare al'adu a 2007, an sa kiɗan anzad cikin gadon ɗan Adam a 2013, ana alfahari da wannan a Yamai, sa'an nan a Damargu a yi tunanin tambayar mai kaɗa shi takarda.

Abin da ya kamata a yi

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai aikin da hukuma za ta yi, kuma ba shi da tsada.

Ta rubuta ƙa'ida gajeriya, da Hausa da Tamajak da Fulatanci, a karanta ta a gidajen rediyon karkara, sanƙira ya yi shelarta ranar kasuwa. Ƙa'idar ta faɗi lokacin da za a kashe lasifika da dare, ta faɗi nisan da za a bari tsakanin kiɗa da masallaci a lokacin salla, da asibiti, da lakol a lokacin karatu, ta hana tare hanya. Duk wanda ya kiyaye waɗannan ya yi kiɗansa, ba ya buƙatar ganin kowa. Babban wasa mai tikiti ko wanda zai rufe titi, a sanar da hukuma, sanarwa kawai, kuma in za ta hana ta rubuta dalilinta.

Ta kuma koma ga waɗanda suka san aikin. Ƙasar Hausa ba ta taɓa barin kiɗa ba mai kula ba. Akwai sarkin makaɗa, akwai sarkin kasuwa, akwai sarkin fawa da ke da makaɗansa. A fadar Damagaram, inda Ma'azu Ɗan Alalo ya yi zamaninsa, kowane makaɗi ya san matsayinsa da ranarsa da iyakarsa ba tare da fom ba. Baƙon makaɗi in ya sauka gari yakan gai da sarkin makaɗa, a nuna masa inda zai tsaya, in ya yi rashin kunya a ja masa kunne da harshen da yake ji. A ƙarfafa wannan, a riƙa kiran waɗannan mutane in za a tsara abin da ya shafe su.

In kuwa ana son makaɗi ya riƙe kati, to ya zama katin da ke buɗe masa ƙofa, wanda ya ga dama ya yanka. An kafa ofishin kare haƙƙin mawallafa na BNDA tun 1995, an kuma fitar da dokar matsayin mai fasaha a 2018. Nawa ne daga makaɗan Tarka da Olelewa suka san da su? Waƙoƙinsu na yawo a wayoyi, ana tura su a WhatsApp, ana saka su a rediyo, ba su ganin ko dala. Jami'in da ke da ƙarfin bin makaɗi kasuwa yana tambayar takarda, ya yi amfani da ƙarfin nan ya rubuta sunansa da waƙoƙinsa, ya nuna masa hanyar karɓar haƙƙinsa.

Kantomomi da magadan garin da za su biyo bayansu suna da aiki jibge a gabansu: ruwan sha, hanyoyin ƙauye, burtalin dabbobi, azuzuwan zana da iska ke kwashewa kowace shekara. Su kashe lasifikar da ke hana majinyaci barci, su hukunta wanda ya ci mutuncin wani, sa'an nan su bar mai gurmi ya nemi abincinsa. Allah ya ba shugabanni kunnen sauraro, ya ba makaɗa kuma sanin iyakar bakinsu.